Bugu ɗaya a Jakarta: yadda Vijay Singh ya taso daga dajin Borneo ya sauke Tiger Woods

Ranar Litinin 6 ga Satumban 2004, a wani filin golf da ke wajen birnin Boston na Amurka, wani dogon mutum ɗan ƙasar Fiji mai shekara 41 ya yi abin da ya gagari kowa tsawon shekara biyar. Ya sauke Tiger Woods daga kujerar gwani na ɗaya a duniya, kujerar da Woods ya yi mako 264 a jere yana kai. Ba kuma a bayan idon Woods aka yi ba. Su biyun aka haɗa a rukunin ƙarshe na ranar, kafaɗa da kafaɗa suka zaga ramuka 18, Vijay Singh ya gama da ratar bugu uku, ya ɗauki kofin ya haɗa da kujerar. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Shekara 19 kafin wannan rana, shi wannan mutumin dai an dakatar da shi daga gasannin nahiyar Asiya bisa zargin ya rage wa kansa bugu ɗaya a takardar ƙirga. Bugu ɗaya tak. Wanda bai san golf ba zai ce ai wannan bai kai ya kawo ba. To, a nan gizo ke saƙar. Ba a gane rayuwar Singh sai an gane yadda sana'ar kanta take, domin babu wani lungu nata da bai bi ta ciki ba, tun daga ƙasan tsani har ƙololuwa.

A golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, mai ƙarancin bugu shi ne gwani. Fili na da ramuka 18, kowanne da tazararsa da tarkunansa na ruwa da rairayi da itatuwa. Kowane rami na da ma'auninsa, wato yawan bugun da ake sa ran ƙwararre zai yi kafin ƙwallo ta faɗa: uku, huɗu ko biyar. In an tara duka, ma'aunin fili kan kama daga 70 zuwa 72. Ɗan wasa na da damar ɗaukar sanduna 14 a jakarsa, ba ƙari. Gasar ƙwararru kwana huɗu ce, yawanci Alhamis zuwa Lahadi, ramuka 72, kuma a zamanin Singh mutum 144 ko 156 kan fara ta. Bayan kwana biyu sai a yi tankaɗe da rairaya. A gasannin Amurka na wancan lokaci mutum 70 na sama da waɗanda suka yi kunnen doki da su ne ke wucewa zuwa Asabar da Lahadi. Sauran su tattara jakunkunansu su kama gabansu, ba ko sisi.

Wannan «ba ko sisi» shi ne ƙashin bayan labarin. Ɗan ƙwallon ƙafa ko a benci ya kwana albashinsa na shiga. Ɗan golf kuwa, a tsarin da Singh ya taso a ciki, ɗan kasuwa ne mai cin gashin kansa. Shi zai biya kuɗin jirgi, shi zai biya masauki, shi zai sallami mai ɗaukar masa jaka, ko ya samu ko bai samu ba. Wanda ya ci gasa kan kwashi kashi 18 cikin ɗari na kuɗin da aka zuba, daga nan rabon ke ta ƙanƙancewa har zuwa na ƙarshe cikin waɗanda suka tsallake. Saboda haka ga matashin da aljihunsa ya bushe, tazarar da ke tsakanin tsallake tankaɗe da faɗawa cikin tsaki ita ce tazarar da ke tsakanin samun kuɗin zuwa gasa ta gaba da maƙalewa a garin da bai san kowa ba. Sau da yawa kuma bugu ɗaya ne ke raba su.

Sai kuma batun takardar ƙirga, wanda ya bambanta golf da kusan kowane wasa. Fili ɗaya kan kai girman unguwa guda, 'yan wasa a warwatse biyu-biyu ko uku-uku, ba alƙalin da ke bin kowa yana ƙirga masa. Abokin tafiyarka ne ke rubuta naka, kai kana rubuta nasa. In an gama, ka duba, ku sa hannu, a miƙa. Idan ka sa hannu a kan ƙirgar rami da ta gaza abin da ka buga, an kore ka daga gasar. Idan ta fi abin da ka buga, haka za a bar maka ita. A gasar Masters ta 1968, ɗaya daga manyan gasannin golf huɗu, abokin tafiyar Roberto De Vicenzo ɗan Ajantina ya rubuta masa 4 a rami na 17 alhali 3 ya buga, a gaban dubban jama'a da kyamarorin talabijin. De Vicenzo ya sa hannu bai lura ba. Wannan bugun da bai yi ba shi ya hana shi fafatawar raba gardama da Bob Goalby, kofi ya tafi. Wasan da ke hukunta mutum haka kan kuskuren da kansa ya cutar, sai a ƙaddara yadda zai yi da wanda ake zargin ya gyara takarda don amfanin kansa. Dukkan ginin a kan amana yake tsaye, kuma 'yan golf kan yafe wa mutum shaye-shaye da masifa da girman kai kafin su yafe masa wannan.

An haifi Singh ranar 22 ga Fabrairun 1963 a Lautoka, garin rake na Fiji, ya girma a Nadi, inda babban filin jirgin saman ƙasar yake. Daga al'ummar Indiyawan Fiji ya fito, al'ummar da tushenta ke komawa ga mutum kusan 60,000 da Turawan Birtaniya suka kwaso daga Indiya tsakanin 1879 da 1916 don ƙodago a gonakin rake. Sunan nasa, Vijay, nasara yake nufi a harshen Hindi. Mahaifinsa ma'aikacin jiragen sama ne da ya iya golf har yana koyarwa, kuma akwai fili dab da filin jirgin. Babu makarantar horar da yara, babu jami'ar da za ta ɗauki nauyinsa kamar yadda ake yi wa samarin Amurka. Abin da yake da shi hotunan bugun Tom Weiskopf ne, wani dogon Ba'amurke da ya ci babbar gasar Birtaniya, British Open, a 1973. Shi ma Singh dogo ne, sai ya ɗauki Weiskopf madubi, ya yi ta kwaikwayo har salon ya zauna masa a jiki. Duk wanda ya kalle shi daga baya zai ga alamar: jan sanda mai tsawo, a natse, kamar ba da ƙarfi ba, amma ƙwallo ta tafi kamar an harba ta.

Ya zama ƙwararre a 1982, ya ci gasar ƙwararrun Malesiya a 1984. A 1985, a gasar Indunusiya da aka yi a Jakarta, jami'ai suka ce an sauya takardarsa an rage bugu ɗaya, daidai abin da yake bukata ya tsallake tankaɗe. Shi ya musanta, kuma bai taɓa sauka daga kan musun ba, yana cewa rashin fahimta ce. Aka dakatar da shi. Yana da shekara 22, ba shi da lauya, ba shi da ƙungiyar da za ta tsaya masa, ƙasarsa kuma ba ta da wata murya a harkar.

Sai ya nufi tsibirin Borneo, ya kama aikin koyar da golf a wani ƙaramin kulob a Keningau, can cikin jihar Sabah ta Malesiya, garin masu sana'ar katako da daji ya kewaye. A harshen sana'ar, wannan kabari ne. Akwai ƙwararre mai yawon gasa, akwai ƙwararren kulob mai koyar da mambobi da sayar musu da ƙwallaye, kuma wanda ya faɗo daga na farko zuwa na biyu ba kasafai yake komawa ba. Abin da Singh ya yi da waɗannan shekaru shi ne bugun ƙwallo. Safe da yamma, cikin zafi da gumi, ɗaruruwa a rana. A ganina duk abin da duniya ta gani a 2004 a can aka dasa shi, mai daɗin da marar daɗin: naci irin na wanda ya san ba mai ceton sa, da kuma rashin yarda da mutane, musamman masu riƙe da alƙalami.

Hanyar dawowarsa ta Afirka ta bi. Ya ɗan taɓa zama a Edinburgh yana gadin ƙofar gidan rawa yana neman kafa, bai dace ba. A shekarun nan akwai jerin gasanni da ake kira Safari, waɗanda ƙwararrun Birtaniya ke zuwa bugawa idan hunturu ya rufe filayensu: Najeriya, Kenya, Zambiya, Kwadebuwa, Zimbabuwe. Ba wasan yara ba ne. Sandy Lyle, wanda daga baya ya ci British Open da Masters, a gasar Najeriya ta 1978 ya fara ɗaga kofi a matsayin ƙwararre. A wannan gasar dai, a Legas, Singh ya yi nasara a 1988. Ya sake cin ta a 1989, ya haɗa da ta Kwadebuwa da ta Zimbabuwe a shekarar. Yau an kusa mantawa da cewa akwai lokacin da tsanin hawa zuwa ƙololuwar golf ke da matakala a Afirka ta Yamma.

A ƙarshen 1988 ya ci jarrabawar shiga gasannin Turai. Jarrabawa ce ta gaske, har makaranta ake kiranta: ɗaruruwan mutane su yi kwanaki suna bugawa, 'yan ƙalilan su fito da kati, wato lasisin shiga gasannin shekara guda. Katin ba na dindindin ba ne. Wanda bai tara kuɗin da zai sa shi cikin sahun da aka ƙayyade ba, a Amurka mutum 125 na sama a wancan zamani, sai ya koma makaranta. Singh bai koma ba. A 1989 ya ci gasar Volvo a tsibirin Sardiniya na Italiya, wasu suka biyo baya a Sifen da Jamus. A 1993, yana da shekara 30, ya tsallaka PGA Tour ta Amurka, inda kuɗi da manyan gwanaye suke, ya ci Buick Classic a jihar New York, aka ba shi lambar sabon shiga mafi hazaƙa. Sabon shiga mai shekara 30! Woods a wannan shekarun ya riga ya ci manyan kofuna goma.

Ya zauna a Ponte Vedra Beach ta jihar Florida, kusa da filin Sawgrass inda hedikwatar PGA Tour take, kuma ƙarshen filin atisayen nan ya zama kamar ɗakinsa. Abokan sana'a, ko da waɗanda jininsu bai haɗu da nasa ba, sun yarda ba wanda ya kai shi aiki. Mutum zai gama zagayen awa biyar ya nufi masauki, shi kuwa ya koma atisaye sai duhu ya kore shi.

Amma akwai abin da naci bai cika saya ba. Golf wasa biyu ne a cikin riga ɗaya. Akwai dogon bugu, na aika ƙwallo mita ɗari biyu ko uku ta sauka inda ake so. Akwai kuma gajeren bugu a kan lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, inda ake gangara ƙwallo a hankali ta bi karkatar ƙasa ta faɗa. Kusan kashi biyu cikin biyar na bugun ƙwararre a nan yake ƙarewa, kuma gangarawar mita ɗaya daidai take a takarda da dukan mita 280. Na farkon aikin jiki ne, maimaici na gyara shi. Na biyun rabinsa aikin zuciya ne. Singh sarki ne a na farko, a na biyu kuwa talaka ne mai rufin asiri. Ya canza sanda, ya canza riƙo, ya yi shekaru yana amfani da doguwar sandar nan da ake dogara gindinta a ciki don hannu ya daina rawa (salon da hukumomin dokar wasan suka haramta daga farkon 2016), ya bar ta, ya koma mata. Dabararsa ita ce ya yi ta kai ƙwallo kusa da rami fiye da kowa, har ya zamana ko rabin damar ya ci ta ishe shi. A makon da hannu ya faɗa kuwa, sai dai a yi takarar na biyu.

Gasanni sun kai arba'in da wani abu a shekara, amma huɗu ne ake auna mutum da su: Masters, US Open, British Open da PGA Championship. Mutum zai iya tara miliyoyi, in bai ci ɗaya daga cikinsu ba ana yi masa kallon wanda bai gama karatu ba. Singh ya ci uku. Ya fara da PGA Championship ta 1998 a Sahalee, kusa da Seattle, yana da shekara 35. Ta biyu ita ce mai nauyi: Masters ta 2000, inda ya bai wa Ernie Els ɗan Afirka ta Kudu ratar bugu uku.

Nauyin nata ba na kuɗi ba ne. A filin Augusta na jihar Jojiya ake yin Masters kowace shekara, kulob ɗin da sai a 1975 baƙar fata na farko, Lee Elder, ya buga gasarsa, sai kuma a 1990 ya karɓi mamba baƙi na farko. Ita kanta ƙungiyar ƙwararrun Amurka sai a 1961 ta goge sharaɗin «farar fata kaɗai» daga kundinta. Woods ya ɓalle wannan ƙofa da ya ci Masters a 1997, duniya ta yi ta shewa. Bayan shekara uku wani mai duhun fata daga tsibirin da yawancin 'yan kallo ba za su iya nunawa a taswira ba ya sa koriyar kwat ɗin nan ta zakaru, shewar ba ta kai rabi ba. Wani ɓangare na dalilin shi ne shekarar da abin ya faɗo. A 2000 Woods ya cinye sauran manyan gasanni ukun, ya zo Afrilun 2001 ya ci Masters, ya haɗa huɗun a hannunsa lokaci guda. Al'adar Augusta ce zakaran bara ya sanya wa na bana kwat. Don haka hoton Singh da aka fi yaɗawa a filin shi ne wanda yake tsaye a bayan Woods yana saka masa riga.

Yanzu ga 2004, da yadda kujerar na ɗaya ke sauya hannu. Jadawalin gwanayen duniya, wanda aka fara a 1986, ba tara maki kawai ba ne. Kowace gasa na da maki gwargwadon ƙarfin waɗanda suka shige ta. Ana duba shekara biyu baya, tsofaffin maki na raguwa da tafiyar lokaci, sannan a raba jimlar da yawan gasannin da mutum ya buga. Matsakaici ke nan ake nema. Wannan tsari ya fi dacewa da irin Woods, mai zaɓar gasanni kaɗan masu tsoka ya zo musu da cikakken shiri. Ga mai buga kusan kowane mako kamar Singh, duk makon da ya yi laushi yana ja masa matsakaicin ƙasa. A 2004 Woods ya buga gasa 19 a Amurka, Singh ya buga 29. Kafin mai buga 29 ya wuce mai buga 19 a lissafin matsakaici, sai ya yi abin da ba a saba gani ba.

Ya kuwa yi. Kofi tara a shekara ɗaya. Tun bayan tsohon gwanin Amurka Sam Snead a 1950, mutum biyu ne kawai suka kai tara a gasannin Amurka: Woods a 2000, da Singh. Ya tara dala miliyan 10.9, mutum na farko da ya haura miliyan goma a kaka guda. Don a ga yadda zuwan Woods ya kumbura kasuwar, wanda ya fi kowa samu a 1996, Tom Lehman, bai kai miliyan biyu ba. Abin dariyar ke nan: guguwar Woods ce ta kawo kuɗin talabijin, Singh na cikin waɗanda suka fi kowa kwasa.

Cikin taran nan har da babban kofinsa na uku, PGA Championship a Whistling Straits ta jihar Wisconsin, kuma yadda ya ci shi ya fi kowace nasara kama da shi. Ranar Lahadi wasa ya ƙi, ya buga 76, bai ci ko rami ɗaya ƙasa da ma'auni ba. Amma bai watse ba, ya yi ta lallaɓawa har waɗanda ke gabansa suka yi tuntuɓe, aka tashi kunnen doki da Justin Leonard da Chris DiMarco. A ramin farko na raba gardama ya yi abin da ya gagare shi yini guda, ya riƙe wannan ratar har ƙarshe.

Masu rage masa daraja kan ce ai Woods a shekarar yana tsakiyar sauya salon bugunsa ne da sabon mai horarwa, kofi ɗaya kacal ya ci a PGA Tour. Gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa Woods ya karɓe kujerarsa a 2005, bayan sun ɗan yi ta musayarta, ya zauna mako 281 a jere, Singh kuwa jimlar zamansa mako 32 ne. Sai dai gurbin da Woods ya bari a buɗe yake ga kowa. Els na nan, Phil Mickelson na nan, Retief Goosen na nan, duk manyan gwanaye ne kuma duk Singh ya girme su. Shi ya shiga.

Batun shekarun nan ya cancanci a tsaya a kai. Golf na yi wa tsufa sassauci fiye da wasannin gudu, amma duk da haka yawancin gwanaye daga 40 suke fara gangarowa: baya ya fara ciwo, ido ya rage, hannu ya fara rawa a kan gajeren bugu, ga kuɗi an tara, yunwar ta mutu. Singh kofi 34 ya ci a PGA Tour, fiye da duk wani wanda ba Ba'amurke ba kafin shi, kuma 22 daga ciki bayan ya cika 40 ne. Snead ne ke riƙe da wannan tarihi da 17. A 2008, yana da 45, ya ci kofi uku ya haɗa da FedEx Cup, kofin zakaran kakar PGA Tour, mai ladan dala miliyan 10. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda aka ƙwace wa shekarun ƙuruciya, sai ya je ya ciro su daga ɗaya ƙarshen.

To me ya sa sunansa bai cika fitowa ba idan ana lissafa manya? An shigar da shi zauren karrama gwanayen golf na duniya a 2006, abin da ya tara a fili ya haura dala miliyan 70, amma ƙauna ba ta biyo ba. Ba zan ɗora wa 'yan jarida laifin duka ba, ko da yake sun yi nasu: duk nasarar da ya samu sai an tono Jakarta, shi kuma sai ya ƙara rufe ƙofa, su kuma su ƙara kiransa mai ɗacin rai. Wasan da ke rayuwa da kuɗin kamfanoni na son zakara mai murmushi da labari mai daɗin ji. Singh na da labarin da ya fi na kowa, amma ba ya son ba da shi, domin ba a ba da shi ba tare da an bi ta 1985 ba.

Shi ma kuma ya taimaka wa masu sukarsa. A 2003 aka gayyaci Annika Sörenstam 'yar Suwidin, gwanar mata ta duniya a lokacin, ta buga gasar maza ta Colonial a Texas, mace ta farko da ta yi haka tun Babe Zaharias a 1945. Singh ya fito ya ce ba wurinta ba ne, har ya yi fatan kada ta tsallake tankaɗe. Hujjarsa ta 'yan sana'a ce, cewa gurbin da aka ba ta na wani ne mai fafutukar riƙe katinsa, kuma da yawa cikin abokansa haka suke gani a ɓoye. Amma baki shi ke yanka wuya. Mutumin da ya san ɗacin a rufe maka ƙofa, shi ya dace ya fi kowa taka-tsantsan a nan. Ya nemi sassauta maganar daga baya, ta riga ta fita.

Sai 2013. Mujallar Sports Illustrated ta buga rahoto kan wani feshi da ake haɗawa daga ƙahon barewa, wanda aka ce yana ɗauke da sinadarin IGF-1 da ke cikin jerin haramtattu. Singh da bakinsa ya faɗa musu yana amfani da shi, ya ce bai san akwai abin haramci a ciki ba. A dokar PGA Tour, amsa laifi daidai yake da kamawa a gwaji, sai aka fara shirin hukunta shi. Ana cikin haka hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta ce amfani da feshin shi kaɗai ba laifi ba ne sai in gwaji ya nuna sinadarin. A ƙarshen Afrilu aka janye tuhumar. Wani zai ce alhamdu lillahi ya koma fili. Singh bayan mako guda ya maka PGA Tour a kotun New York, yana cewa an zubar masa da mutunci ba tare da bincike ba. Mutane da yawa suka ga butulci ne, ka kai ƙarar gidan da ya mai da kai attajiri. Ni kuwa ina ganin wanda maciji ya taɓa sara ne ya ga tsumma. Yana da shekara 22 aka kira shi maguɗi ba shi da halin ɗaukar lauya. Yana da 50 aka sake gwadawa, wannan karon yana da hali. Shari'ar ta ja fiye da shekara biyar, aka sasanta a Nuwamban 2018 ba tare da an bayyana sharuɗɗan ba.

Daga shekara 50 akwai jerin gasannin dattawa, inda tsofaffin gwanaye ke ci gaba da samun na cefane cikin raha. Singh ya shiga, ya ci ɗaya daga manyan kofunansu a 2018, amma ransa na wurin yara. A 2019, yana da 56, ya shiga ranar ƙarshe ta Honda Classic a Florida yana bin na gaba da bugu ɗaya. Da ya ci, da ya goge tarihin Snead na mafi tsufan da ya ci gasar PGA Tour, wanda ya kafa yana da 52 a 1965. Ya ƙare na shida.

Wanda ya taɓa cin Masters ana gayyatarsa har iya rayuwarsa, kuma yawancin tsofaffin zakaru kan zo su buga kwana biyu, a tafa musu, su koma gida ranar Juma'a. A Afrilun 2024 iska ta yi ta kaɗawa a Augusta, ta watsar da samari da dama, ciki har da masu manyan kofuna. Da aka yi tankaɗe a yammacin Juma'a, sunan Vijay Singh na cikin waɗanda suka wuce. Shekararsa 61, shekara 39 bayan Jakarta. Ya duba takardarsa, ya sa hannu, ya miƙa.